Fayil Ɗaya, Uwa Biyu

Shafi na 17

Masu aiko min saƙo cewa na bar su a rataye, na gani. Wata har ta ce ba ni da imani. Kwana huɗu kacal kuka jira. Yaran da nake ba ku labarinsu shekara biyu da wata biyar suka jira, ba wanda ya ba su haƙuri. Ku gyara zama.

*

Ranar Laraba bayan azahar aka sallami 'yan aji shida, aka toshe tagogi da barguna, domin Madam Shahinda za ta nuna mana fim ɗin da ta yi a kan ɗalibaina biyu, Arbab da Nurain, kafin ta zaga da shi makarantu arba'in na Alƙahira. Sunan da ta sa wa fim ɗin ba zan rubuta shi ba. Akwai kalmar "fata" a ciki, akwai "tsuntsu". Ya ishe ku.

Shugaban makarantarmu, Ustaz Daf'alla, ya sha kwat a wannan zafin na unguwar Faisal, ya yi wanka da turare. Ƙungiyar su Madam ta yi masa alkawarin fankoki goma sha biyu da fentin bango, tun daga ranar kuwa ba ya iya miƙe wuyansa sosai a gabanta.

"Ustaz Mirgani, dawo gaba mana," in ji Madam. "Kai ka yi mana fassarar da ke ƙasan hoto."

"Bar ni a baya, Madam. Daga nan ina ganin fim, ina ganin masu kallonsa."

Ta yi dariya. Ta ɗauka wasa nake.

Aka kunna majigi.

Arbab, wanda ba a taɓa kayar da shi a lissafi ba tun da ya shigo makarantar nan, an nuna shi minti guda cur yana kallon tantabaru a kan rufin bene, baki buɗe. Rigarsa mai kyau ta ranar Juma'a an sa ya cire, an ba shi wata mai yagaggen wuya. Nurain kuma an sa shi tafiya ba takalmi, alhali ina da masaniyar takalmansa suna bayan kyamara. A ƙarƙashin wannan duka wani gurmi yana ta kuka, don kada ɗan makaranta ya manta inda ake so ya ji tausayi.

Su yaran ko a jikinsu. Suna benci ɗaya a gaba, suna zungurin juna.

"Dubi kanka kamar tulu," in ji Nurain.

"Kai dubi kunnuwanka. Allon ma bai ɗauke su ba."

"Wallahi tantabarar nan ta fi ka iya fim."

"Ta fi ka wanka dai."

Madam ta miƙo min wata takarda a cikin duhun. Tambayoyi ne da za a raba wa ɗalibai bayan kallo. Ta uku tana cewa: Yaya za ka ji idan ka rasa gidanku? Zana hoton abin da ka ji. Na ninke ta na yi fifita da ita. Shekara talatin ina koyar da adabi, ban taɓa samun rubutun da ya yi amfani nan take haka ba.

A minti na talatin da ɗaya gurmin ya yi shiru.

Nurain ne shi kaɗai, zaune a kan matakalar bene. Wannan wurin ba a kawo min shi fassara ba. Ya kalli kyamara ido cikin ido ya ce:

"Sunana ba Nurain Hasaballa Katir ba ne. Sunana Nurain Ishag Bahar. Arbab ba wana ba ne, a bayan mota muka haɗu, a hamada, kwana biyu kafin mu isa garin Aswan. Ya ba ni ruwa. Uwata sunanta Ashta, tana da tabon ƙuna a hannun hagu. Wanda ya san inda take ya gaya mata ina Alƙahira, ban mutu ba."

Sannan ya maimaita da Masalit, yarensu na gida.

Benci ya yi ƙara. Arbab ya miƙe, inuwarsa ta rufe rabin allon.

"A tsayar."

"Saura minti shida, habibi," in ji Madam.

"Na ce a tsayar."

Na je na zare wayar majigin daga bango. Na yaye bargo ɗaya, haske ya shigo.

Ga wanda ya shigo labarin nan yau, ga abin da ya faru a cikin minti ɗayan nan. A ofishin 'yan gudun hijira, Arbab da Nurain wa da ƙani ne, uwa ɗaya uba ɗaya, fayil ɗaya. Arbab ya iso da takardar makaranta mai sunan ubansa da kakansa. Nurain ya iso da rigar jikinsa. Fayil biyu yana nufin wata rana a kira ɗaya ya hau jirgi, ɗayan ya ruɓe a nan. Shi ya sa Nurain ya ari sunan uban Arbab da na kakansa. An karɓa. Sun wuce ganawa uku, an canja musu katin rawaya na masu jira zuwa shuɗi, kuma saura kwana tara su yi ganawar ƙarshe da ƙasar da za ta ɗauke su. Wanda aka kama da ƙaryar dangantaka kuwa, na ga yadda take ƙarewa sau huɗu a unguwar nan. Fayil ɗin ake rufewa, da mai ƙaryar da wanda aka yi ƙaryar da sunansa.

Wanda ya ba su shawarar kuma ni ne. A ɗakina na zaunar da su sati uku ina yi musu bita kamar masu jarrabawa. Ɗaki nawa ne a gidanku? Wace ƙafa ce jakin babanku yake ɗingishi da ita? Wa ke kwana kusa da ƙofa? Matata Batul ta mutu da katin rawaya a jakarta, shekara shida tana jiran a kira ta, duk abin da ta faɗa musu kuwa gaskiya ne. Ban yi nadamar bitar ba. Ina faɗa ne don ku san ba daga kan tudu nake kallon kowa ba.

Arbab ya juya ya kalli Nurain. Bai ɗaga murya ba.

"Yaushe?"

Nurain ya sunkuyar da kai. "Ranar da ka je gyaran haƙori."

"Wato ina can ana cire min haƙori, kai kana nan kana cire min wuya."

"Arbab..."

"Kar ka kira sunana. Ka san wa ya mutu da sunan da kake yawo da shi? Ubana. A ƙofar gida aka harbe shi, ni na ja shi ciki. Sunansa kaɗai ya bar min, na raba biyu na ba ka rabi. Ka sa shi shekara biyu, yau ka tuɓe shi a gaban kyamara kamar wandon da ya matse ka."

"Tana da rai."

"Wa?"

"Innata. Tana da rai."

Arbab ya zuba masa ido. Ni ma ban san da wannan ba.

"Wani mutum ya zo daga Chadi wata biyu da suka wuce," in ji Nurain. "A wurin mai wake na gan shi. Ya ce a tantin neman 'yan uwa akwai wata mata mai ƙonannen hannu da ke zuwa duk sati tana tambayar Nurain Ishag Bahar. Duk sati ana duba mata, ana ce mata babu mai wannan sunan. Ba a Chadi, ba a Misra, ba ko'ina."

"Wane sansani?" na tambaya.

"Bai sani ba, Ustaz. Shi ma a bakin wani ya ji."

"Shi ne ba ka gaya min ba?" in ji Arbab.

"In ce maka me? In ce ka bar jirginka saboda wani ya ji a bakin wani? Ina kwana kusa da kai kana lissafin kwanaki a bango."

"Da ka bari mun sauka can. Kwana tara, Nurain. Mu sauka, ka neme ta da sunan da ka ga dama."

"A can ma Hasaballa zan zama. Har kabari Hasaballa. Ita kuma tana zuwa tanti duk sati, wata rana za ta daina zuwa."

"To sai ka sayar da ni."

"Ban ɗauka za a sa a fim ɗin makaranta ba. Madam ta ce guntu ne daban, na waya, wanda zai kai har Chadi."

Duk muka kalli Madam. Ta haɗa tafukanta a ƙirji, idonta ya cika da hawaye. Irin hawayen da ke zuwa wa mutum idan aikinsa ya yi kyau.

"Ban gane abin faɗa a nan ba," in ji ta. "Wannan minti ɗayan shi ne zuciyar fim ɗin. Ba jini ya haɗa ku ba, ku kuka zaɓi juna. Akwai abin da ya fi wannan kyau da za a koya wa yara?"

"Madam," na ce, "kin san abin da ke rubuce a katinsu?"

"Na san an rubuta 'yan uwa. To ai 'yan uwa ne, a zuciya."

"Ofishin ba shi da gurbin zuciya a takardarsa. Na duba."

"Amma gaskiya ya faɗa, Ustaz."

"Shi ya sa. Da ƙarya ce da ba mu shiga uku ba."

Ustaz Daf'alla ya matso yana share gumi da hankici. "A bi a hankali, jama'a. Madam baƙuwarmu ce. Arbab, zauna, kana tsaye a kan manya. Duk abin nan ana iya gyara shi cikin mutunci."

"Kai ka sa hannu a takardar izini, Ustaz Daf'alla?" na tambaya.

"Ni ne waliyyinsu a makaranta."

"Ka kalli abin da ka sa wa hannu?"

"An gaya min fim ne na tarbiyya."

"Fanka goma sha biyu," na ce. "Shida a kan kowane yaro. Ba su yi araha ba."

"Ka iya bakinka, Mirgani."

"Na iya shi shekara uku a makarantar nan, dubi inda ya kawo mu." Na juya wurin Madam. "A yanke minti ɗayan nan. Yau. Ki bar tantabarun, ki ƙara musu ma in kina so."

Ta gyara gilashinta. "Daga fim ɗin ana iya yankewa."

"To alhamdulillahi."

"Amma guntun na waya ya fita tun ranar Alhamis."

Arbab ya koma ya zauna a kan benci, a hankali, kamar tsoho.

"Mutum nawa suka gani?" in ji shi.

"Sama da dubu tamanin," in ji ta, kuma wallahi ta kasa hana murmushi fitowa. "Ba mu taɓa samun haka ba."

Nurain ya durƙusa a gaban Arbab ya kama gwiwarsa. Arbab ya cire hannun da yatsu biyu, ya ajiye masa a gefe.

"Zan je in ce ni na ruɗe ka," in ji Nurain. "In ce ba ka sani ba."

"Ban san ba ƙanina ba ne? Kai jaki ne? Wace ƙafa jakin babanmu yake ɗingishi?"

"Ta hagu, ta baya."

"Sau uku muka faɗa musu tare. Babu jakin ma. Ustaz ne ya haife shi."

Gaskiyarsa. Jakin nawa ne.

"Ku tsaya ku ji mana," in ji Madam. "Kun hana ni in kai ga albishir ɗin. Na so ya zama ba-zata, amma tunda abin ya zama haka." Ta nuna wayarta a kan tebur. "Nurain, an same ta."

Yaron bai motsa ba.

"Wata ma'aikaciya a wani sansani a Chadi ta ga guntun, ta gane matar. Ta kira lambar ƙungiyarmu. Innarka ce, habibi. Na ji muryarta da kunnena."

"Yaushe?" na ce.

"Ranar Lahadi."

"Yau Laraba."

"Sai da muka shirya. A sansanin babu layin waya, sai sun yi tafiyar awa biyu zuwa wani tudu. Mun yi da su za su kira yau ƙarfe huɗu daidai."

Kwana uku. Tana da lambar, tana da labarin, yaron yana wuce ta a tsakar makaranta yana gaishe ta, tana amsawa. Sai a lokacin na lura da abin da ke kusurwar ajin, bayan allon, a kan ƙafafunsa uku. Kyamara ce, jar fitilarta a kunne, an saita ta daidai benci na gaba. Wayar Madam kuma an jona ta da wata lasifika mai batir.

"Fuskarsa kike so," na ce.

"Lokaci ne da ba ya maimaituwa, Ustaz. Yara dubbai za su..."

"Tun yaushe take ɗauka?"

Ta kawar da kai.

Na karanta littattafai da yawa a kan mugaye, kuma yawancinsu sun san abin da suke yi. Wannan matar da za a tsaga ƙirjinta ba za a sami ƙwayar mugunta ba. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Na tuɓe rawanina na jefa a kan kyamarar.

Agogon bango ya nuna huɗu saura minti uku.

"Cire wayar daga lasifika," na ce. "Nurain, ɗauki ka hau rufin bene. Ka yi magana da innarka inda ba kowa. Sauran mu san yadda za mu yi da dubu tamanin."

Ustaz Daf'alla ya yi gyaran murya. Fuskarsa ta canja launi.

"Akwai ɗan abu," in ji shi. "Madam ta ce zai yi kyau a sami babban baƙo a wurin. Shi ne na gayyaci Ustaz Wajdi."

"Wane Wajdi?" na ce.

"Na ofishin. Na sashen yara marasa iyaye."

Arbab ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Shi ke riƙe da fayil ɗinmu."

"Na ɗauka zai ji daɗi ne," in ji Daf'alla. "Ai yana son yaran."

Yana son su kuwa. Ustaz Wajdi mutumin kirki ne, shi ya yi ta bin fayil ɗin nan daga tebur zuwa tebur har ya kai inda ya kai. Ba ya karɓar ko shayi a gidan ɗan gudun hijira. Irinsa ne abin tsoro. Mutumin banza ana iya roƙonsa ya ce bai ji ba.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa, aka turo ta.

"Salamu alaikum. Na makara? Titin Al-Haram ne ya cushe da motoci." Ya shigo da kwalin basbusa, alkakin Misrawa, a hannu, ya tsaya a bakin ƙofar, ƙofa ɗaya tilo da ajin yake da ita. "Ina 'yan wasan namu? Arbab, an cire haƙorin? Nurain, me kake yi a ƙasa, yayanka ya buge ka ne?"

Ba wanda ya yi dariya. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya dubi rawanina a kan kyamara.

Daga yadda ya yi maganar na san bai ga guntun ba. Mutum dubu tamanin sun gani, shi bai gani ba. Akwai sauran hanya ke nan, ƙanƙanuwa, ta kwana tara.

Wayar ta fara ƙara.

Ta lasifikar take fitowa, ta cika ajin. Madam ta miƙa hannu, na riƙe mata wuyan hannu. Ban taɓa taɓa matar da ba tawa ba sai ranar.

Ƙara ta biyu.

Nurain yana durƙushe. Bai kalli wayar ba, Arbab yake kallo. Ya girgiza kai, a hankali, ya sa hannayensa biyu a ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne su.

Ta uku.

"Ba za a ɗauka ba ne?" in ji Ustaz Wajdi.

"Ba tamu ba ce," in ji Nurain. Muryar kamar ba tasa ba. "Kuskuren lamba ne."

Ta huɗu. Na tuna tafiyar awa biyu, da tudun, da wayar aro. Ban ce komai ba. Ku rubuta wannan a kaina, ban ce komai ba.

Arbab ya miƙe.

"Kai dai jaki ne," in ji shi. "Tun a motar nan na san jaki na ba ruwa."

Ya taka zuwa tebur ya danna.

Iska ce ta fara shigowa, mai ƙarfi, sai muryar wata mata tana haki, da Larabci mai nauyi.

"Alo? Alo? Nurain? Nurain ɗan Ishag ɗan Bahar? Ni ce Ashta. Sun ce kana nan."

Arbab ya sunkuya kusa da wayar.

"Yana nan, Inna," in ji shi. "Ni abokinsa ne. Ga shi."

Ya cire wayar daga lasifikar, ya kama Nurain ta wuyan riga ya ɗaga shi, ya manna masa ita a kunne.

Ustaz Wajdi ya ajiye kwalin basbusa a kan benci. Ya daɗe yana kallon Arbab. Sannan ya juyo wurina, domin ni na sa hannu a matsayin shaida ranar da aka buɗe fayil ɗin.

"Ustaz Mirgani," in ji shi, a hankali. "Ɗan wa ta ce?"